Kumatun Malam Garba

Sadiku ɗan ƙanwata ya zo mini ranar kasuwar Bagwai da abokansa biyu, kowa da waya a hannu kamar da ita aka haife shi. Sun ji a rediyo wani ɗan majalisa ya kai ƙudirin doka a yafe wa talaka kuɗin katin shaida, shi ke nan sai suka yanke shawarar buɗe shagon hoto a Ungogo. A ganinsu kati zai zama kyauta, jama'a za su yi tururuwa, kowa kuma sai da hoto. Wai sun zo in sa musu albarka, in kuma ara musu farin ƙyallen bango.

"Kawu, ai aikin nan yanzu ba wuya," in ji Sadiku. "Ka ɗaga waya, ka danna, inji ya tofo hoto. Ku ne dai kuka sha wahala a banza."

Na ce to, madalla. Ɗaya daga cikin abokan ya tsaya yana duba allon tallata, inda nake manna tsofaffin hotuna. Ya nuna na can sama, wani dattijo mai cikar fuska, kumatu luhu-luhu, hula ta zauna daram.

"Baba, wannan wane Alhajin ne?"

Na ce su zauna a benci. Tun da sun zo aron ƙyalle, sai sun biya da kunne.

Ni a hannun Baba Lasisi na koyi hoto, wani Bayarabe haifaffen Sabon Garin Kano wanda Hausarsa ta fi tawa daɗi. Kayan aikinsa akwati ne mai ƙafa uku, da wani baƙin hannun riga a gefe inda yake zura hannu ya wanke hoto a cikin duhun akwatin, da laluben yatsa kawai. Na daɗe a wurinsa ban taɓa akwatin nan ba. Aikina ɗaukar benci, riƙe ƙyalle a bayan mutum kada iska ta kaɗa shi, da yanke gefen hoto da almakashi. In ba ciniki sai ya zaunar da ni a bakin tasha ya ce in kalli mutane. Na ce Baba, hoto na zo koya, ba kallon mutane ba. Ya ce, "Ɗan nan, akwati kowa ma zai iya dannawa, har biri. Fuska ita ce aikin."

A nan ya koya mini abin da wayarku ba za ta gaya muku ba. Ma'aikacin gwamnati fuska ɗaya gare shi shekara da shekaru, don albashi ba ya jiran ruwan sama. Manomi kuwa fuska biyu gare shi. Akwai fuskar kaka, lokacin da rumbu ya cika, ana tuwo da man shanu, wuya ya yi kauri. Akwai fuskar bazara, lokacin da rumbu ya koma ɗakin ɓera, ƙasusuwan kunci suka fito suna gaisawa da jama'a. Hoton ango ko na rataye a ɗaki, ka ɗauke shi da kaka, mutum ya yi ta yaudarar jikokinsa. Amma hoton kati, wanda wani baƙo zai riƙa ya kalli mutum ya kalli takarda, ka nemi tsakiya. In ba haka ba, wata rana mutum zai tsaya a gaban hotonsa a ce ba shi ba ne.

Da na dawo gida na kafa benci a gindin darbejiyar da ke ƙofar ofishin kati. Zuwa lokacin takardar akwati ta ɓace daga kasuwa, kowa ya koma kyamarar fim. Kayana ba su da yawa: kyamara, farin ƙyalle, madubi, mataji, almakashi, da hula da 'yar shara guda ɗaya ta aro don wanda ya taho daga gona kai tsaye. Hular nan ta shiga katin rabin ƙasar nan. In kun ga katunan dattawan ƙauyukanmu za ku rantse 'yan ɗaki ɗaya ne.

Kuma ku da kuke cewa danna ka tofo, ba ku taɓa zaunar da mutumin ƙauye a gaban kyamara ba. Wani da ka ce ya shirya sai ya ƙame kamar soja, ya zaro ido, ya daina numfashi. Wani yana jin ka ce "to" sai ya yi bismilla ya runtse ido daidai lokacin da ka danna. Wani ya zo da rediyonsa ya ce lallai sai ta fito, don gwamnati ta san ba matsiyaci ba ne. Mata kuwa, ka ce su ɗago kai, su ja mayafi su rufe baki suna dariya. Ni kuma ba ni da damar in duba in goge in sake. Abin da ya shiga fim ya shiga, ba zan san ko mutum ya runtse ido ba sai na dawo daga Kano.

Wannan zuwa Kano shi ne ƙashin bayan sana'ar, ku riƙe shi da kyau. Fim ɗaya yana cin mutum talatin da 'yan kai. Ba a buɗe kyamara sai ya cika, in ka buɗe haske ya ƙone shi duka. Sai ya cika za ka naɗe, ka hau mota, ka kai wa masu wanki a birni. Saboda haka hoton mutum ɗaya yana jiran na sauran. In kasuwa tana ci, ranar kasuwa ɗaya ta cika shi. In ba ta ci, wanda ya fara zama a bencina sai ya yi ta zarya yana zagina a zuci.

Yanzu ga Alhajin naku. Sunansa Malam Garba mai albasa, kuma ko filin jirgi bai taɓa gani ba. Manomi ne daga wani ƙauye a gefen dam ɗin Watari. Yana da gonar damina ta gado, wadda ba ta ciyar da gidansa sai rabin shekara, yana kuma da fili ɗaya a wurin noman rani, kusa da bakin magudanar ruwa. Filin nan shi ne ransa. Da albasar wurin yake ɗinka wa iyali, da ita yake cike gibin rumbu. Mutum ne mai ƙoƙari, mai gaskiya, sai dai Allah ya jarrabce shi da rediyo. Duk abin da ta faɗa, a wurinsa an gama.

A wata kaka mai albarka, ta ƙarshe kafin shekarun wahala, rediyo ta faɗi irin abin da kuka ji jiya. Wani ɗan majalisa ya miƙe ya ce zalunci ne a sa talaka ya biya kafin a yarda shi ɗan jiharsa ne, ya kawo ƙudiri a yafe kuɗin kati. Maganarsa gaskiya ce, ban taɓa musun wannan ba. Aka ce ƙudiri ya yi karatu na farko.

Sadiku, a nan lissafinka ya yi daidai, na ɗan lokaci. Jama'a suka yi mini caa. Kowa yana so ya tanadi hotonsa, ranar da aka ce kyauta ya zama na gaba a layi. Na yi ta cika fim ina zaryar Kano, har na fara taya wani babur a zuciyata. A cikin wannan rububin Malam Garba ya zo, ya sayar da amfanin gona, ya sha fura ya ƙoshi, fuska tana ƙyalli.

"Sule mai hoto, ɗauke ni yau da nake da hali."

Na dube shi na ce, "Malam, in yau za ka shiga ofis ka yi katin, bismilla. In ajiyewa za ka yi, ka bari sanyi ya wuce, jiki ya ɗan sauka. Wannan fuskar ba ta kwana biyu."

"Kai dai ɗauka. Da kunnena na ji, sa hannu kawai ya rage."

"To ka shiga ka biya mana, ka huta. Kuɗin nan fa bai wuce kaji biyu ba, ga su nan fal a gidanka."

Ya kalle ni kamar na zage shi. "Abin da gwamnati za ta ba ni kyauta jibi, shi zan saya yau? Sule, a fuskata ka ga alamar wawa?"

Ban ga alamar wawa ba, kumatu na gani. Na gyara masa hula na danna.

Daga nan sai shiru. Kowa ya mallaki hotonsa, ya sa a ƙarƙashin tabarma ko cikin kwalla, ya koma yana jiran rediyo. Ba mai shiga ofishin kati, don ba wanda yake so a yi masa dariya a ce ya sayi abin banza. Wanda bai yi hoto ba ma ya ce bari ya ga kamun ludayin dokar tukuna. Ni da akawun kati muka zauna muna kallon juna ta taga, shi da albashinsa, ni da darbejiyata. Ƙudiri ya yi karatu na biyu, aka ce an miƙa shi ga kwamiti. Ban san inda kwamiti yake ba, amma duk abin da na ji an kai can ban ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Sai damina ta zo ta yi mana gwalo. Ruwa ya sauka aka yi shuka, ya ɗauke. Aka sake shuka, ya sake ɗaukewa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Kaya suka yi tsada, sabulu ma sai an yi layi. Fim ya zama sai mai dogon hannu, na samu guda ɗaya da ƙyar na sa a kyamara, ya yi wata da watanni bai kai rabi ba. Wa zai yi hoto alhali tukunya ba ta hau wuta ba? A shekarar na koyi gyaran fitila da tocila don a ci abinci.

Ana cikin haka masu rabon filin noman rani suka aiko da sanarwa: za a sake rajistar filaye, duk mai fili ya kawo katin shaida kafin a saki ruwa, wanda bai kawo ba a ba wa wani. Da ma tun bazara masu hankali sun fara saɗaɗawa ɗaya bayan ɗaya, suna biya a ɓoye, tun fuskarsu tana kama da hotonsu. Da sanarwar ta fito sauran ma suka bi. Malam Garba kaɗai ya kafe. Shi ne ya fi kowa wa'azin a jira, a majalisar ƙofar masallaci da wurin mai shayi, yanzu ya sauko ya biya? Ya ce dokar tana hanya, ai ɗan majalisar ya rantse. Mutane suka ce tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. Ya ce za su gani.

Bai sauko ba sai ranar kasuwar ƙarshe kafin a rufe rajista. Na hango wani tsoho yana tahowa riƙe da igiya ba akuya, na ɗauka baƙo ne. Sai da ya yi sallama na gane muryar. Yunwa ta ci rabonta, zazzaɓi ya zo ya ci nasa, ɗan abincin da ya samu kuma yana tura wa yara a kwano. Kajin nan tuni an cinye kuɗinsu. Akuyar matarsa ya sayar da safiyar nan don ya biya abin da ya ƙi biya lokacin da yake da hali.

"Sule, kada ka ce komai."

"Ban ce ba, Malam."

Ya shiga ofis, ni kuma na matsa jikin taga. Akawun yaro ne mai gilashi, ba mugu ba ne, amma an sha kawo masa hoton wa a ce na ƙane ne, don haka ya zama mai tsanani. Ya karɓi hoton, ya kalli Malam Garba, ya kalli hoton, ya sake kallonsa.

"Baba, wannan ɗanka ne ko ƙaninka?"

"Ni ne, ɗana."

"Baba, ka ji tsoron Allah."

"Wallahi ni ne. Ni ne bara."

"To, na baran ya zo da kansa ya karɓi katinsa."

Na leƙa na ce ranka ya daɗe, ni na ɗauke shi da hannuna, shi ne. Ya ce in ya sa hannu a kan wannan, gobe wani ya riƙa katin ya kalli mutumin, shi za a kora daga aiki, ba ni ba. Ya ce a kawo sabon hoto. Kuma in za a bi gaskiya, abin da Baba Lasisi ya faɗa ne yaron yake maimaitawa, ba tare da ya taɓa jin sunansa ba.

Malam Garba ya fito ya zauna a bencina. Na ce a ɗauki sabo yanzu. Ya ce yaushe zai fito? Na ce fim bai kai rabi ba. Ya san abin da hakan ke nufi, duk wanda ya taɓa zama a bencin nan ya sani. Sai ya tashi ya nufi wajen mai dafaffen rogo. Na ɗauka yunwa ce. Ya dawo da gutsure biyu, ya ari madubina, ya cusa ɗaya a kuncin dama, ɗaya a na hagu, ya daidaita su da yatsa yana duba tsohon hotonsa. Ya gyara hula. Ya juyo ya kalle ni, ya ɗaga gira, wai yaya na gani.

Na ce, "Malam, don girman Allah kada ka yi. In ya tambaye ka sunanka fa?"

Ya ɗaga hannu, alamar in bar shi. Da ma ba halin magana.

Akawun ya fita salla, aka ce wani ne zai zauna a teburin kafin ya dawo, wannan ne ya ba Malam ƙwarin gwiwa. Ya shiga layin masu neman takardu iri-iri, ga rana, ga layi ba ya motsi. Ina kallonsa daga gindin bishiya. Mutumin da ya kwana bai ci ba, aka sa masa rogo mai gishiri a baki aka ce kada ya tauna. Na ga maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Can sai na ga kuncin hagu ya faɗa. Ya tsaya da kunci ɗaya a kumbure kamar mai ciwon haƙori, yana waige-waige ko wani ya lura. Da ya ga abin ba zai yiwu a haka ba, sai ya daidaita fuskar ta hanyar da ta rage masa, ya haɗiye na dama. Kafin ya kai tebur ya cinye kumatunsa duka biyu, ga kuma mai gilashi ya dawo mazauninsa.

Mutanen layi suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, ba zan ɓoye muku ba, abin da ban dariya. Amma da ya fito ya zauna ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, dariyar ta maƙale mini. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban ma san wa zan ji wa haushi ba.

Na zaunar da shi a gaban ƙyalle na ɗauke shi da fuskar da Allah ya bar masa. Sauran fim ɗin, wanda na sha wuya kafin in samu, na ƙarar da shi a kan jakunan kasuwa da tulin tukwane da wani kare da ke barci, don dai ya cika in naɗe. Na hau motar Kano. Masu wanki na farko suka ce ba wuta. Na biyu suka ce akwai wuta, ba maganin wanki. Na uku suna da duka biyun amma takarda ta ƙare, sai an kawo daga Ikko. Na kwana a shagon Baba Lasisi ina zarya har aka samu. Jakunan sun fito tas, ban taɓa ɗaukar hoto mai kyau irin nasu ba.

Ranar da na sauka a Bagwai da ambulan a aljihu, an riga an rufe rajista, an saki ruwa.

Malam Garba ya yi katinsa duk da haka, tun da an riga an sayar da akuya. Ya biya kuɗin cif, aka manna fuskar yunwa a jiki, aka buga hatimi. Filin kuwa an ba wani ɗan kasuwa daga birni, wanda bai san gaban fartanya da bayanta ba, amma katinsa lafiya lau, fuskarsa iri ɗaya rani da damina. Da yake bai iya albasa ba, sai ya nemi wanda ya san filin ya riƙa yi masa ƙwadago. Kun san wanda aka samo. Malam Garba ya yi shekaru yana ban ruwa a filinsa, da katin shaida a cikin hula, ana biyansa da yamma.

Ƙudirin fa? Yana kwamiti sojoji suka zo suka rufe majalisar da shi a ciki. Ɗan majalisar da ya kawo shi na ji ya koma sayar da taya.

Bayan an kwana biyu Malam ya biyo ta gindin darbejiya ya miƙo mini tsohon hoton, mai kumatun. Na ce me zan yi da shi? Ya ce, "Riƙe mini a wurinka, a gida yara sai kallonsa suke yi suna tambaya. Ranar da aka yi dokar, in Allah ya sa na murmure, da shi zan yi na kyautar." Ban san ko wasa yake yi ba, shi ma ina jin bai sani ba. Bai murmure irin ta da ba har Allah ya karɓi abinsa. Na manna hoton a saman allo, kuma ba hoton da ya taɓa jawo mini ciniki kamarsa. Kowa ya gani sai ya ce a ɗauke shi ya fito kamar wannan Alhajin.

Sadiku ya yi ta juya wayarsa a hannu. Can ya ce, "Amma Kawu, yanzu ai zamani ya canza. Wannan karon da gaske suke."

Na ce Allah ya sa, ni ma ina so talaka ya huta. Na naɗe farin ƙyallen na ba shi. Na ce ku je ku buɗe shagonku, za ku yi ciniki na kasuwa biyu ko uku, kada dai ku taya babur. Kuma duk wanda ya zauna a gabanku ya ce hoton ajiya yake so kafin a fara na kyauta, ku sauke wayar ku kalli kuncinsa tukuna, ku tambaye shi me ya rage a rumbu.

Da suka tafi na kunna rediyo, na tarar ana maimaita labarin: ƙudiri ya tsallake karatu na farko, 'yan majalisa sun tafa. Na hau benci na ciro hoton daga saman allo, na goge shi da bakin riga.

"Malam Garba," na ce, "albishirinka. Sa hannu kawai ya rage."

Na mayar da shi inda yake, na danna ƙusar da kyau, don na san zai daɗe a wurin.